Tarihin Gwajin Kutse: Daga Tawagar Damisa Zuwa Asusun Gajimare

Gwajin kutse sana'a ce da ake ɗaukar ƙwararre domin ya afka wa kwamfutocin wanda ya ɗauke shi, ya bi duk hanyar da ɗan dandatsa zai bi, sannan ya zauna ya rubuta inda ya samu kafa, da yadda ya shiga, da abin da hannunsa ya kai gare shi bayan shigar. Kayan aikinsa da na ɓarawo iri ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne takardar izini mai sa hannun mai dukiya, da iyakar da aka shata masa, da rahoton da zai miƙa idan ya gama. Sana'ar ta haura shekara 50 a duniya, kuma a tsawon wannan lokaci abin da ake kai wa hari ya yi ta ƙaura. Da farko babbar manhajar kwamfuta guda ce, daga baya ya koma zauren sadarwar ma'aikata, yanzu kuma ya fi karkata ga shaidar da na'ura ke dogara da ita ta san wane ne ke magana da ita, wato kalmar sirri da satifiket da mabuɗi.

Asali a barikin soja

A tsakiyar shekarun 1960 aka fara ƙera kwamfutocin da mutane da yawa za su yi aiki a kansu lokaci guda, kowa daga tasa tashar, wasu ma ta layin tarho daga wani gari. Wannan ya tayar da hankalin ma'aikatar tsaron Amurka. Kwamfuta a lokacin tana da tsadar gaske, ana son a zuba bayanan sirri da na yau da kullum cikin na'ura ɗaya, amma babu mai tabbacin cewa ƙaramin ma'aikaci ba zai leƙa fayil ɗin janar ba. A watan Afrilun 1967, a wani babban taron masana kwamfuta a Atlantic City, Willis Ware na cibiyar bincike ta RAND da abokan aikinsa, tare da Bernard Peters na hukumar leƙen asiri ta NSA, suka fito fili suka ce ana iya kutsawa cikin waɗannan na'urori da gangan. Gwamnati ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Ware, rahotonsa ya fito a 1970, kuma daga nan aka fara kafa ƙananan rukunan injiniyoyi da ake kira tawagar damisa. A ba su na'ura, a ce su fasa ta. Da wuya su dawo hannu rabbana. Kamfanin da ya ƙera na'urar sai ya toshe kafar da suka nuna, ya dawo da ita, su sake shiga ta wani wuri.

James P. Anderson, a nazarin da ya yi wa rundunar sojan saman Amurka a 1972, ya fitar da darasin wannan kai-komo. Idan tawaga ta shiga, an tabbatar akwai rauni. Idan ta kasa, abin da aka sani kawai shi ne waɗannan mutane, a ɗan lokacin da aka ba su, ba su ga hanya ba. Don haka ya ce tun a wurin zana tsari ake gina tsaro, a samar da ɗan ƙaramin sashe na manhaja wanda duk wata buƙatar taɓa bayanai sai ta bi ta kansa, mai ƙanƙantar da za a iya tantance shi layi-layi. Har gobe masu gwaji na gaskiya suna maimaita wa abokan cinikinsu wannan magana, domin babu abin da ya fi cutar da ma'aikata kamar ta ɗauki rahoto maras ɓaraka a matsayin shaidar lafiya. A wannan zamanin ne kuma Clark Weissman na kamfanin SDC ya tsara hanyar aikin da ake bi har yanzu: a karanta takardun tsarin da kyau, a jera wuraren da ake zaton rauni, a fara da wanda ya fi kama hankali, idan an samu ɗaya a nemi 'yan uwansa, domin mai kuskure ba ya yin sa sau ɗaya.

Gwajin da ya fi shahara a wancan lokaci shi ne na Multics, babbar manhajar da jami'ar MIT da kamfanonin General Electric da Bell Labs suka fara ginawa, daga baya Honeywell ya gaji sayar da ita. Ita ce aka fi yi wa kallon mai tsaro. Paul Karger da Roger Schell na rundunar sojan sama suka gwada ta, rahotonsu ya fito a 1974. Sun samu kafofi a manhaja da kuma a ƙarfen na'urar, amma abin da ya fi girgiza mutane shi ne ɓoyayyiyar ƙofar da suka dasa cikin ainihin kwafin manhajar, wadda kamfanin ya ci gaba da rarraba wa masu saye bai sani ba. A cikin rahoton suka ƙara da cewa ana iya dasa irin wannan ƙofa a cikin manhajar da ke fassara rubutun masu shirya manhaja zuwa harshen na'ura, ta yadda duk abin da aka gina da ita zai fito da cutar. Ken Thompson, ɗaya daga cikin maƙeran Unix, ya faɗaɗa wannan tunani a laccarsa ta karɓar lambar Turing da aka buga a 1984. Abin da ake kira harin sarƙar samar da manhaja a yau, a nan aka fara bayyana shi. Ma'aikatar tsaro ta tattara waɗannan darussa cikin kundin ma'aunin tsaro na 1983, wanda aka fi sani da launin bangonsa na ruwan lemo, ta kuma sanya gwajin kutse cikin sharuɗɗan manyan matakai.

Fitowa daga bariki

Shekarun 1980 suka kawo modem da layin tarho cikin ɗakunan samari. A 1986 Amurka ta yi dokar hukunta kutsen kwamfuta, Birtaniya ta yi tata a 1990. A 1986 ɗin ne Clifford Stoll na ɗakin binciken Lawrence Berkeley ya bi diddigin giɓin santi 75 a lissafin kuɗin amfani da kwamfuta, har ya kai ga wani ɗan dandatsa a birnin Hanoba na Jamus da ke sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Soviet, KGB, abin da ya kwaso. Ranar 2 ga Nuwamban 1988 kuma wata tsutsa, wato manhaja mai yaɗa kanta, da Robert Morris, ɗalibin jami'ar Cornell, ya saki ta durƙusar da kwamfutoci kimanin 6,000, ta hanyar raunin manhajojin Unix da kalmomin sirri masu sauƙin zato. Kafin watan ya ƙare an kafa cibiyar kai ɗauki ta CERT a jami'ar Carnegie Mellon.

Wanda ya fito da gwajin kutse ga talakawan masu kula da kwamfuta shi ne Dan Farmer, tare da Wietse Venema ɗan ƙasar Holan. A 1993 suka saki wata maƙala da ke koya wa mai kula da zauren sadarwa yadda zai inganta tsaronsa ta hanyar fasa shi da kansa. A Afrilun 1995 suka biyo ta da manhajar SATAN, wadda ke lalube kwamfutocin zaure ta jera raunin kowace. Jaridu suka yi ca, ana cewa an miƙa wa ɓarayi makami, har Farmer ya rabu da aikinsa a Silicon Graphics. Gardamar da ta taso a nan ba ta mutu ba, amma lokaci ya nuna gaskiyar su Farmer: 'yan dandatsa sun riga sun mallaki irin waɗannan dabaru a ɓoye, mai tsaro ne kaɗai aka bari a duhu.

Cikin 'yan shekaru kayan aikin sana'ar suka haɗu, kuma yawancinsu ba daga manyan kamfanoni suka fito ba. Mujallar Phrack, wadda 'yan dandatsa ke bugawa a intanet, ta wallafa bayanin Aleph One kan yadda ake cika ma'ajiyar manhaja har ta tumbatsa a karɓe ragamarta a 1996. A cikinta Gordon Lyon ya saki Nmap a 1997, manhajar da har yau ita ake fara kunnawa don ganin waɗanne ƙofofi ne a buɗe. A cikinta kuma aka bayyana dabarar cusa umarni cikin rumbun bayanai ta akwatin rubutun shafin intanet a ƙarshen 1998. A wannan shekarar Renaud Deraison, matashi Bafaranshe, ya fitar da Nessus. Jeff Moss ya fara taron DEF CON a Las Vegas a 1993, ya ƙara da Black Hat a 1997, inda masu kwat da masu baƙar riga suka fara zama ɗaki ɗaya. A Mayun 1998 mutum 7 na ƙungiyar L0pht ta Boston suka zauna gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka suka ce za su iya tsayar da intanet cikin minti 30. Shekara guda kafin haka, wata tawagar NSA ta nuna wa ma'aikatar tsaro, a atisayen Eligible Receiver, cewa da kayan da kowa ke iya samu a intanet ana shiga cibiyoyin soja.

Kasuwa da doka

Aikin mai gwaji a farkon shekarun 2000 yawanci daga waje yake. Ma'aikata ta kafa katangar tsaro tsakaninta da intanet, sai ta kira shi ya duba ko akwai uwar garken da aka manta ba a yi mata faci ba. H. D. Moore ya saki Metasploit a 2003, ya tara dabarun cin gajiyar rauni wuri ɗaya yadda kowa zai iya gwada su, Dafydd Stuttard kuma ya fara Burp don gwajin shafukan intanet. Ƙungiyar OWASP, da aka kafa a 2001, ta fitar da jerin manyan raunukan shafuka 10 a 2003.

Abin da ya mayar da sana'ar babbar kasuwa shi ne ƙa'idar PCI DSS da kamfanonin katin banki, su Visa da Mastercard, suka fitar a Disambar 2004, wadda ta wajabta gwajin kutse aƙalla sau ɗaya a shekara ga masu sarrafa bayanan kati da yawa. Alherin wannan a fili yake, domin ma'aikatun da ba su taɓa tunanin gwaji ba sun fara yi. Illarsa ma ba ƙarama ba ce. An samu masu kunna manhajar lalube, su kwafe abin da ta fitar, su manna tambarin kamfaninsu a bango, su kira shi gwajin kutse. An samu kuma shugabannin da ke ƙuntata iyakar aiki da gangan, su cire duk na'urar da suka san ruɓaɓɓiya ce, don rahoto ya fito fes a kai wa mai binciken ƙa'ida. Ɓarawo kuwa ba ya karanta takardar iyaka. Don tsaftace fagen aka kafa CREST a Birtaniya a 2006 mai tantance kamfanoni da ma'aikatansu, jarrabawar OSCP kuma ta yi suna saboda ba ta tambayar zaɓi-ɗaya, sai dai a ba mutum kwamfutoci da awa 24 a ce ya shiga ya kawo hujja. Bankin Ingila ya ƙaddamar da tsarin CBEST a 2014, inda ake kwaikwayon harin wata ƙungiya ta gaske a kan na'urorin da banki ke aiki da su, ba tare da ma'aikatan tsaron bankin sun sani ba, Tarayyar Turai ta bi sahu da TIBER a 2018. A Nijeriya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfuta ba da izini ba, Babban Banki kuma ya fitar da tsarin tsaron intanet a 2018 wanda ya wajabta wa bankuna gwajin kutse a kai a kai. Gana ta yi dokarta a 2020, wadda ta ɗora wa hukumar tsaron intanet ta ƙasar ba masu irin wannan aiki lasisi.

Takardar izini ba ado ba ce. A Satumbar 2019 aka kama ma'aikatan kamfanin Coalfire biyu da tsakar dare a cikin ginin wata kotu a jihar Iowa. Hukumar kotunan jihar ce ta ɗauke su gwada tsaron gine-gine, takardarsu na aljihu, amma shugaban 'yan sandan gundumar ya ce ginin mallakar gunduma ne, jiha ba ta da hurumin ba da izinin shigarsa. Sun kwana a tsare, sai a Janairun 2020 aka janye tuhumar. Tun daga nan tambayar ko mai sa hannu shi ne ainihin mai abin da za a gwada ta zama ta farko a kowace yarjejeniya.

Cikin gida

Harin da aka kai wa Google da wasu kamfanoni, wanda aka bayyana a Janairun 2010, da na shagunan Target a 2013, inda aka shiga da asusun wani ɗan kwangilar na'urar sanyaya ɗaki aka kwashe bayanan kati miliyan 40, sun nuna cewa katanga ba ta hana shiga. Saƙon imel guda da ma'aikaci ya buɗe ya isa. Sai tambayar ta canza: idan an riga an shiga, ina za a iya kaiwa? Amsar a mafi yawan ma'aikatu tana cikin Active Directory, tsarin da Microsoft ya kawo tare da Windows 2000, wanda ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da kowace kwamfuta da ikon kowa.

Ranar farko ta gwajin cikin gida ba ta da wani armashi a ido. A ba mai gwaji tebur a ɗakin taro da wayar sadarwa guda, ko a aika wata ƙaramar na'ura a jona masa. Ya fara da saurare. Kwamfutar Windows idan ta nemi wani suna ta rasa, takan yi shela ga maƙwabtanta tana tambayar wa ke da shi. Manhajar Responder sai ta amsa cewa ita ce, kwamfutar kuma ta miƙo mata shaidar kalmar sirrin mai ita a dunƙule. Kafin azahar an tara 'yan kaɗan, kuma da wuya a rasa wanda kalmarsa sunan ma'aikatar ce haɗe da shekarar da ake ciki. Da wannan ƙaramin asusu ake hawa mataki na gaba, dabarar da Tim Medin ya bayyana a 2014. Duk mai asusu yana da damar neman tikitin shiga kowace hidima, kamar rumbun bayanai, kuma tikitin a kulle yake zuwa da kalmar sirrin asusun da ke tafiyar da hidimar. Mai gwaji ya ɗauki tikitin ya kai kan tasa na'urar, ya yi ta jarraba miliyoyin kalmomi ba tare da wata ƙararrawa ta kaɗa ba. Irin waɗannan asusu sau da yawa wani injiniya ne ya buɗe su shekaru da suka wuce, ya ba su iko mai yawa don aiki ya tafi, ya bar wurin, kowa kuma na tsoron taɓa su kada wani abu ya tsaya.

Benjamin Delpy ya saki Mimikatz a 2011, mai zaƙulo kalmomin sirri da tikitoci daga ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke kunne. A 2016 Andy Robbins da Rohan Vazarkar da Will Schroeder suka fito da BloodHound a taron DEF CON, wadda ke zana taswirar iko: wannan asusu yana cikin wancan rukuni, rukunin yana da iko a kan waccan kwamfuta, a kanta kuma babban admin ya shiga da safe bai fita ba. Babu ko ɗaya cikin waɗannan matakai da za a yi wa faci, domin ba kuskuren manhaja ba ne. Alfarma ce da aka yi ta yi shekara da shekaru, izinin kwana ɗaya da ba a janye ba. Girman abin ya bayyana a Yunin 2017, lokacin da tsutsar NotPetya, da ta taso daga wata manhajar lissafin haraji a Yukiren, ta haɗa raunin Windows da dabarar Mimikatz ta share kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Sai da suka sake gina uwar garke 4,000 da kwamfutoci 45,000, kuma abin da ya cece su kwafin Active Directory guda ne da ya tsira a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma saboda ɗaukewar wutar lantarki ta raba shi da sauran a lokacin harin.

Satifiket

Satifiket na dijital ya samo asali ne daga tsarin mabuɗi biyu, na fili da na ɓoye, da Whitfield Diffie da Martin Hellman suka bayyana a 1976. Matsalar da ta rage ita ce yadda za a san mabuɗin fili na wane ne. Loren Kohnfelder, ɗalibi a MIT, ya kawo shawara a 1978 cewa wata hukuma amintacciya ta sa hannu a kan takardar da ta haɗa suna da mabuɗi. Aka tsara fasalin takardar a ma'aunin X.509 a 1988, Netscape ya ɗora tsaron shafukan intanet a kanta a 1995. Aikin hukumar ya yi kama da na mai unguwar da ke sa hannu a takardar shaidar ɗan gari, sai dai a nan masu unguwannin suna da yawan gaske, kuma kowannensu yana iya shaidar ɗan kowane gari a duniya a karɓa.

A 2001 hukumar VeriSign ta ba wani ɗan damfara satifiket biyu da sunan Microsoft. A ƙarshen 2008 wasu masu bincike suka haɗa na'urorin wasa na PlayStation 3 guda 200 suka ƙirƙiro hukumar bogi ta hanyar raunin lissafin MD5. Tsutsar Stuxnet a 2010 ta shiga da sa hannun da aka sato daga kamfanonin Realtek da JMicron na Taiwan. Amma abin da ya kasa mantuwa shi ne DigiNotar, hukumar Holan da aka fasa a 2011 aka fitar da satifiket na bogi sama da 500, ciki har da na Google, wanda aka yi amfani da shi wajen leƙen saƙonnin masu amfani da intanet kimanin 300,000, kusan dukansu a Iran. Wani ɗan ƙasar ne ya fara tona asirin bayan manhajar Chrome ta yi masa gargaɗi. Binciken kamfanin Fox-IT ya gano cewa duk na'urorin sa hannun suna ƙarƙashin zauren Windows guda, asusu ɗaya mai kalmar sirri maras ƙarfi yana buɗe su gaba ɗaya, manhajojin uwar garken da ke fuskantar intanet kuma sun tsufa. Lissafin sirrin bai karye ba, abin da kowane mai gwajin cikin gida ke samu a makon farko ne ya kayar da su. A Satumbar shekarar kamfanin ya durƙushe. Daga baya Google ya jagoranci tsarin rajistar fili da ake rubuta kowane satifiket a cikinta, Chrome ya wajabta shi a 2018. Masu gwaji su ma suna karanta wannan rajista, domin tana tona sunayen na'urorin da ma'aikata ta manta tana da su.

Ƙarewar wa'adi ma rauni ce. A kamfanin Equifax, na'urar da ke duba zirga-zirgar bayanai ta makance tsawon watanni saboda satifiket ɗinta ya ƙare ba wanda ya lura. Da aka sabunta shi a ƙarshen Yulin 2017 nan take aka ga ana jidar bayanai, amma an riga an kwashi na mutum kimanin miliyan 147. Hukumar Let's Encrypt, da ta fara aiki a 2015, ta nuna ana iya ba da satifiket kyauta mai kwana 90 na'ura ta riƙa sabunta shi da kanta. A 2025 masu ruwa da tsaki suka amince a rage mafi tsawon wa'adi zuwa kwana 47 nan da 2029, abin da ke nufin zamanin rubuta ranar ƙarewa a takarda ya wuce.

Manyan ma'aikatu kuma suna da tasu hukumar satifiket ta cikin gida, haɗe da Active Directory, wadda aka daɗe ba a waiwaye ta ba. A Yunin 2021 Will Schroeder da Lee Christensen na SpecterOps suka bayyana hanyoyi 8 na cin zarafinta. Ta farkon ta fi kowace sauƙi: idan samfurin neman satifiket ya bar mai nema ya rubuta sunan da yake so, ƙaramin ma'aikaci na iya rubuta sunan babban admin, hukumar ta sa hannu, ya shiga da shi. Canza kalmar sirrin admin ɗin ba ya kashe wannan satifiket. A shekarun da suka biyo baya wannan ta zama ɗaya daga cikin gajerun hanyoyin da masu gwaji ke bi su karɓe zaure.

Gajimare

Amazon ya buɗe ma'ajiyar S3 da hayar kwamfutoci ta EC2 a 2006, Microsoft ya biyo da Azure a 2010, kuma irin wannan haya ta intanet ita ake kira gajimare. A nan babu wayar da za a jona, babu ɗakin da za a kulle. Duk abin da ma'aikata ta mallaka ana juya shi ne da umarnin da ake aikawa ta intanet, kuma duk mai riƙe da mabuɗin da ya dace shi ne mai gida. Kamfanin Code Spaces ya gane haka a Yunin 2014, lokacin da wani ya shiga allon sarrafa asusunsu na Amazon, ya nemi fansa, da suka yi ƙoƙarin korar sa ya share bayanai tare da kwafin ajiyarsu da ke cikin asusu ɗaya. Kamfanin bai sake tashi ba. A 2016 aka kwashe bayanan mutum miliyan 57 daga Uber da mabuɗin da aka tsinta cikin rubutun manhaja a GitHub.

Lamarin bankin Capital One na 2019 shi ake koyarwa a azuzuwa, saboda ya nuna sarƙar daga farko har ƙarshe. Kowace kwamfutar haya a Amazon tana iya tambayar wani adireshi na cikin gida, 169.254.169.254, a ba ta mabuɗin wucin gadi na aikin da aka ɗora mata. Wata na'urar tace zirga-zirga da ba a saita daidai ba ta yarda a aike ta wannan adireshi daga waje, ta dawo da mabuɗin. Mabuɗin kuma an ba shi ikon karanta ma'ajiyoyin da aikinsa bai shafa ba. Bayanan mutum sama da miliyan 100 suka fita, hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 80, Amazon kuma ya fitar da sabon salon wannan adireshi mai wuyar yaudara a Nuwamban shekarar. Kafar shiga ƙarama ce, yawan ikon da aka bai wa mabuɗin ne ya mayar da ita bala'i. Shi ya sa gwajin gajimare ya fi kama da karatun takardun iko fiye da fasa ƙofa. Mai gwaji yakan nemi a ba shi asusun karatu kawai, ya kunna manhajoji irin su Prowler ko ScoutSuite ko Pacu, sannan ya zauna yana bin wa ke iya ɗaukar matsayin wa, wace ma'ajiya ce a buɗe ga duniya, wane mabuɗi ne ya shekara ba a canza ba, wane asusu ne ba shi da tabbaci na biyu bayan kalmar sirri. Rashin wannan tabbaci na biyu ne ya sa aka shiga asusun kamfanoni kimanin 165 masu hulɗa da kamfanin gajimare na Snowflake a 2024, da kalmomin sirrin da aka sato daga kwamfutocin ma'aikata.

A gajimare ne zancen satifiket da na asusu suka haɗe. A harin da aka kai ta manhajar kamfanin SolarWinds, wanda kamfanin FireEye ya bankaɗo a Disambar 2020, gurɓatacciyar manhaja ta isa ga ma'aikatu kimanin 18,000, kuma a wasu zaɓaɓɓu daga cikinsu maharan sun saci mabuɗin da ke sa hannu a kan shaidar shiga, suka riƙa ƙirƙira wa kansu izinin buɗe imel ɗin duk wanda suka ga dama a gajimaren Microsoft, ba kalmar sirri, ba tabbaci na biyu. Wannan mabuɗi aƙalla yana hannun ma'aikata, ana iya gwada tsaronsa. A 2023 kuwa mabuɗin sa hannu na Microsoft kansa ne ya faɗa hannun wata ƙungiya da aka alaƙanta da Sin, aka karanta imel ɗin manyan jami'an Amurka, ciki har da sakatariyar kasuwanci. Babu mai gwajin da abokin ciniki zai ɗauka ya duba wannan ɓangare, domin yarjejeniyar haya ta raba aiki gida biyu: saitin asusu na mai haya ne, abin da ke ƙarƙashinsa na mai gajimare ne, kuma taɓa shi ya fita daga iyakar izini. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ce ta fara gano harin na 2023, saboda tana biyan kuɗin cikakken kundin ayyukan asusu kuma ta kafa ƙararrawa a kansa. Bayan matsin lamba Microsoft ya buɗe wannan kundi ga sauran masu haya ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma daga lokacin rahoton gwajin gajimare mai kyau yakan ƙunshi sashe a kan ko an kunna kundin, kwana nawa ake ajiye shi, da kuma ko wani ya lura da motsin mai gwajin a cikinsa.